Kunamar Bindigar Kaka

Brno, ranar Lahadi

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka? Yaya Mama?

Albishirinka! Na samo kunamar da za ta shiga tsohuwar bindigar iskar Kaka, wato ƙarfen nan da ake ja da yatsa a harba. A bajekolin bindigogin iska na gan ta, wajen wani dattijo ɗan ƙasarmu, Velimir. Ya rantse ba ta sayarwa ba ce. Ina buɗe kwalbar miyar tattasan da Mama ta aiko zan ci burodi, ƙamshin ya buge shi, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Kai ɗan nema, ɗauki ƙarfenka, miƙo kwalbar nan!"

Kada Mama ta damu, gayan burodi ma yana riƙe ciki.

Ka goge bindigar, Baba. Harbin farko naka ne.

Ɗanka,
Radoš