Muryar Auta Ba Ta Shiga Ƙuri'a

Zuwa ga Yayana,

Sallama da gaisuwar girma. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, jiya ma ta yi mini faɗa a kan na rame. Maman yara ta ce ramar ba ta yunwa ba ce, taurin kai ne ke cin naman jikina. Na ce to, ai gado ne.

Saƙonka ya iso, na karanta shi sau biyu. Ka ce in daina saka muryar 'yata Auta a katun ɗin yaran da nake yi, don abokan aikinka sun ji in'inarta sun yi dariya, kuma tunda na'ura tana iya gyara murya, in ci gaba kamar kashi na sha huɗu da ya fito sumul. Yaya, ban taɓa tsallake maganarka ba, amma wannan kam ba zan yi ba.

Ka san ni. Daga sakandare na tsaya, shekara ashirin ina kan tsani ina rubuta allunan shagunan mutane. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira, ni da ita muka yi ta kokawa har na kayar da ita. Yanzu a ɗakin bayan shago, inda na jingina tsofaffin katifu biyu a bango don su tare ƙarar titi, nake fitar da kashi guda kowane mako. Ranar Juma'a shiri ya fita, kafin Litinin yara sun cika mini waya da saƙon murya, kowa yana faɗin abin da yake so Bushiya, jarumar shirin, ta yi. Abin da ya fi rinjaye shi nake rubutawa. Laraba Auta ta dawo daga makaranta, mu kashe fanka, mu yi ta zufa tana karanta maganar Bushiya. Sauran aikin zane na'ura ce ke yi, ni ina gyara mata, don in ka bar ta sai ta yi wa akuya ƙafa biyar.

Kashin nan da ka yaba kuskurena ne. An ɗauke wuta ranar, ina sauri, na manta ban kashe maɓallin da ke goge murya ba. Na'ura ta share duk inda Auta ta sarƙe. Da shirin ya fita tana zaune kusa da ni. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni wace yarinya na samo a madadinta. Na ce ai ita ce. Ta ce ashe ni ma na gaji da jiran ta gama magana. Kwana huɗu yarinyar nan ba ta buɗe baki ba, ko gishiri take so sai ta nuna da yatsa. Kai ba ka nan lokacin da malamarta take cewa shekara guda ba ta ji muryarta a aji ba. Bushiya ce ta sa ta fara ɗaga hannu.

Wasu iyayen ma sun turo irin maganarka. Wani har cewa ya yi tunda komai na shirin da ƙuri'a ake yi, in sa a zaɓi tsakanin muryoyin biyu. Na ba shi amsa cewa yara suna da ikon su jefa Bushiya a kogi ko su ɗora ta a kan babbar mota, amma muryar 'yata ba ta shiga ƙuri'a. Wanda ba zai iya jiran yarinya 'yar shekara tara ta ƙarasa kalma ba, ya canza tasha, ba zan riƙe masa riga ba. Abokan aikin naka kuma, duk da digirorinsu, ka gaishe su.

Na ba ta haƙuri, ni da girmana. Ta ce za ta dawo, amma sai ta kashe maɓallin da hannunta. Larabar nan ta shigo ta kashe shi, ta tsaya gaban makirfo. Layin farko shi ne Bushiya ba ta tsoron ruwa. Sau biyar ta tsaya a kan harafin farko kafin kalmar ta fito. Duk biyar ɗin na bari, kuma haka zai fita ranar Juma'a. In ka tashi saurare, ka jira ta.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu da babbar 'yarka. Inna da maman yara suna gaisuwa, Auta ma ta ce a gaishe da Baba Babba.

Ƙanenka har kullum,
Mai Fenti