Baba, Sun Dawo da Takardar Rijiyar

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa da girmamawa daga 'yarka, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci.

Shekara da shekaru kana zama da teburinka a gindin dalbejiya a Isa, kana rubuta wa mutane takardun neman taimako. A wurinka na koyi tsarin: adireshi, take, matsala, abin da ake nema, waɗanda za su amfana, sannan sa hannun mai gari da hatiminsa. In na cika gaisuwa sai ka ja mata layi, ka ce, "Ɗiyata, hwaɗi ciwon tun layin hwarko. Mai karatu ba surukinki ba ne."

Matan garinmu sun sa ni in rubuta wa wata ƙungiya ta haƙa mana rijiyar burtsatse a tsakiyar gari. Na tsara ta tsaf, na ce muna fama da ƙarancin ruwa. Sun dawo da ita da tambaya ɗaya da jan biro: taswirarsu ta nuna rijiya a bayan gari, me ya hana mu ɗiba?

Ka san rijiyar, da kai aka yashe ta. Yanzu 'yan bindiga ke shayar da dabbobi a can. Tun da suka ɗauke Inna Hajo da guganta a hannu, ba macen da ta sake leƙawa.

Wannan ne ciwon, kuma na iya rubuta shi. Sai dai ƙungiyar ba ta karɓar hoto ta waya, sai takarda mai hatimi. Ƙanenka, Kawu Ilu, shi zai kai ta a babur, ta hanyar da ake tare mutane a zazzage musu jaka. A cikin masu tarewar akwai wanda ya yi boko.

In na ɓoye, ba rijiya. In na faɗa, wataƙila ba Kawu. Ka koya min komai ban da wannan, kuma ina jin haushinka ƙwarai, Baba.

Jiya Kawu ya ce in rubuta gaskiya, zai cusa ta cikin takalmi. Har dariya ya yi, irin taka. Jibi zai tashi, ni kuwa ban wuce take ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya tsare ɗan'uwanka a hanya, Ya nuna min abin da ya kamata in rubuta.

Taka har kullum,
'yarka, wadda ko a nan ba ta iya sa sunanta ba.