Tangaran Ba Shi Ɗinkuwa

Inna, gaisuwa mai yawa daga Yamai. Ina Baba da su Lantana, da mutanen Gazawa? Ni lafiya lau nake.

Kin ce in sayo maki farantan tangaran irin na gidan da nake aiki. Inna, ki haƙura da su. Ranar bikin 'yancin kai guda ya suɓuce mani, ya rabu biyu. Na kai ma mai ɗinkin ƙwarya, ya ce, "Yaro, wannan ba shi ɗinkuwa." Tun ranar Madam, matar gidan, ba ta kira sunana ba, kuma wani yaro na ta zuwa neman aiki. Amma ina cin abinci, kada ki damu.

Na ba Maharazu direba kwanon ƙarfe ya kawo maki. Shi ko ya faɗi, lotsewa kawai zai yi. Akushina kuma da na baro gida, kada a ba kowa tukuna.

Ki sa mani albarka.

Ɗanki, Hayatu