Fitilar da Za a Hure Ran Asabar

Zuwa ga mijina, Baban Tabita, ɗumin ƙirjina, dutsen da nake fakewa bayansa in iska ta taso, ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙanƙara. Gaisuwa daga Igulik zuwa gadon asibitin da suka kwantar da kai a kudu. Tabita ke rubutawa, na ce yadda na faɗa haka za ta sa.

Tsoro nake ji, maigida. Ba zan ɓoye maka ba.

Kwana arba'in ke nan da jirgi ya ɗauke ka, rana kuma ta riga ka tafiya, tun da hunturu ya kankama ba ta sake fitowa ba. In an buga waya sai su ce kana hutawa. Wane irin hutu ne mutum ba zai ce wa matarsa ko "ina kwana" ba? Yanzu da tsakar rana gefen kudu ya fara ja kamar naman da aka yanka yanzu. Sun ce ran Asabar rana za ta leƙo. Ka san abin da ke biye: yara za su bi gida gida suna hure fitilu, a cire tsohon lagwani, a kunna sabuwar wuta.

To fitilar dutsenmu, wutar da ke cikinta taka ce. Kai ka ƙyasta ta da safen da za ka tafi, kana tari. Tun ranar ban bar ta ta mutu ba. Kitsen natsik, dabbar tekun nan da ka farauto, ya ƙare, na roƙo a maƙwabta. Ina zaune gabanta ina gyara lagwani da tsinke, in ta yi ƙasa sai numfashina ya tsaya, in ce can ma naka ya yi ƙasa. Tabita ta ce, "Inna, ga lantarki, ga hita, wannan wahalar ta mece ce?" Na ce ta yi min shiru. Yaya zan buɗe ƙofa yaro ya shigo da dariya ya hure min kai?

Ga wata kuma. Bana jinjirin wata ya riga rana fitowa, kai ne kullum kake cewa in wata ya ci tsere, shekara za ta yi nauyi. Ina kallonsa ta taga yana kewaya gari fari fat kamar fuskar likita.

Ka tuna hunturunmu na fari, a ɗakin ƙanƙara, ina da shekara goma sha takwas? Yara suka faɗo suka hure fitila suka fice. Duhu ya rufe, sanyi ya hau ƙafata, na fara lalube ina kuka. Ka ce, "Ke da kika ce ba kya tsoron farin beyar, ashe duhu ne maganinki?" Na ce, "Rufe min baki, mai hancin kare." Sai ka kama wuyan hannuna ka ce in tsaya yadda kake tsayuwa kan ramin ƙanƙara kana dakon natsik ya leƙo shan iska, ba motsi, ba tunani, kunne kawai. Na tsaya. Na ji ƙanƙara tana kuka can ƙasa, na ji karnuka na numfashi, na ji zuciyarka. Tun da aka haife ni ban taɓa samun natsuwa irin ta wannan ɗan duhun ba. Da muka fita rana ta leƙo kamar bakin farce, muka yi mata murmushi da rabin fuska yadda ake yi, rabi na murna, rabi ya san sanyi bai wuce ba. Kai naka ya karkace har na fashe da dariya, uwarka ta harare ni.

Shekara hamsin da biyu muna wannan duhun tare, tauraron asubata. Ban iya shi ni kaɗai ba.

Jiya na yi niyyar kulle ƙofa ran Asabar, in ce ba ni da lafiya. Har na gwada sakata. Sai na ji kunya. Uwata ta ce gidan da ya riƙe tsohuwar wuta ya riƙe tsohuwar shekara da cutarta. To in cutarka nake ta ciyarwa da kitse fa? In na hure, tsoro. In na bari, tsoro. Ina zan sa kaina?

Ga abin da na yanke. Ba yaron da zai taɓa ta. Ni zan hure ta da bakina, da tsakar rana. In takardar nan ta same ka kafin nan, ka roƙi mai jinyar ta kashe maka wutar ɗaki a lokacin, ko na ɗan jim ne, mu shiga tare. In ba ka iya magana, mai karanta maka ta ji, ita nake roƙo.

Sabon lagwani kuwa ba ɗan guntu na mai zaman kaɗaici zan sa ba. Daga wannan gefen fitila har wancan zan shimfiɗa shi, irin na gidan da ake jiran mutum ya shigo da sanyi a jikinsa. Kitse ya ƙare in ya so.

Taka ce ni, ko ka dawo da ƙafarka ko yaya ka dawo,

Sipora