Shinkafar 'Yan Majalisa

Mount Hope, New York

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ciwon ƙafarki? Yaya ƙanena Habibou da mutanen sansani? Na ji an sake rage muku rabon hatsi saboda yaƙi ya tare hanya, har Habibou da kunu kawai yake kwana.

Inna, raina a ɓace yake. Ranar Asabar wasu 'yan majalisa daga gida suka zo taro a nan kan yunwar 'yan gudun hijira. Goggo Shamsiya aka ba girkin, na bi ta ina kwashe faranti. Ga shinkafa, ga rago, ga kaji. Wani mai babbar riga ya miƙe ya ce lokacin yaƙi ne, dole talaka ya yi haƙuri da kaɗan. Aka tafa masa. Ya zauna ya yi loma biyu, ya goge hannu, ya jefa tsumman a kan naman.

Da suka watse, mai wurin ya ce a juye komai a shara, wai haka dokarsu take. Sai na cika leda biyu da shinkafa na ɓoye a cikin hijabi.

'Yarki,
Zalika

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Na shanya shinkafar a matakalar ƙarfe ta bayan taga, yadda kike shanya ƙanzo. Ashe a nan ba a yi. Tattabaru suka taru, Kwabena mai kula da gidan ya hau yana faɗa, wai zan jawo ɓeraye. Goggo ta wanke ni tas, ta ce da an kama ni da ledar, ita da aikin nan har abada. Na yi kuka, amma na kasa cewa na tuba. Su da suka zubar, wa ya yi musu faɗa?

Da safe na tarar Goggo ta baza sauran shinkafar a tanda da ƙaramar wuta.

Alhaji Oumarou mai shago zai taho gida jibi, ya yarda ya riƙo miki. Ba ta kai mudu biyu ba. Ki jiƙa ki dafa wa Habibou. Kada ki ji ƙyama, Inna. Duk inda cokalinsu ya taɓa, ni na cinye.

Ki gaishe mini da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

'Yarki mai kewarki,
Zalika