Kabewar Motriya

Lozivka

Yaya Odarka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da jikokinki a ƙasar Poland. Mu ma lafiya lau, gwargwadon lafiyar masu zama a bakin iyaka.

Tun da aka fasa gada motar burodi ba ta ƙara zuwa ba, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Ina ci gaba da rubuta tarihin garin nan, tunda makaranta a rufe take. Na gano cewa duk wanda ya taɓa mallakar mu, daga sarakunan Poland zuwa Jamusawa zuwa 'yan Mosko, abin da ya fara tambaya shi ne ina muka ɓoye dankali. Har yau a wuri ɗaya yake, sai dai yanzu tare da shi muke ɓuya in an fara luguden wuta.

A cikin ramin dankalin ne na yi wauta. Ranar Talata, ƙasa tana girgiza, na ce wa Motriya matar marigayi Hnat ina son ta aure ni. Ba ta ce uffan ba. Washegari na buɗe ƙofa na tarar da kabewa, ƙatuwa, a kan dakali. Kin san ma'anarta: haka kakarmu ta sallami manema biyu kafin kakanmu. Na karɓi ƙaddara. Yanzu ta bayan coci nake zagayawa zuwa rijiya, don kada mu haɗu.

Ƙaninki,
Panas

*

Lublin

Panas,

Ina gaishe ka, Allah ya tsare ku. Amma kai, karatu bai amfane ka da komai ba.

Na yi waya da Yavdoha maƙwabciyarku. Ta ce ita ma ta sami kabewa. Limamin coci ya samu, da matarsa da 'ya'yansa biyar. Ko shi ma neman auren ya je? Gonar Motriya ce kaɗai ta yi albarka bana, ta raba wa kowa don babu burodi. Yavdoha ta ce Motriya tana tambaya ko ciwo kake, kwana da kwanaki ba ta gan ka ba.

Kuma wa ya gaya maka ana neman aure a rami? Aske gemu ka je. Shekarunku sun ja, kuma ba ku san abin da gobe za ta sauko da shi daga sama ba.

Yayarka,
Odarka

*

Yaya Odarka,

Gaisuwa da ban girma. Na je, da kabewar a hannu, don a matsayina na mai tarihi ina son shaida. Na same ta tana tatsar akuya.

"Malam, ka tashi daga mutuwar?" in ji ta.

"Na zo tambaya ne a kan wannan."

Ta dubi kabewar, ta dube ni, ta yi dariya har akuyar ta tsorata. "Wayyo ni! Da korar ka zan yi, ai ƙarama zan zaɓa, ruɓaɓɓiya. Wa zai ɓata irin wannan a shekarar yaƙi?"

"To me ya sa kika yi shiru a rami?"

"Tambaya ka yi? Na ɗauka addu'a kake, yadda muryarka ke rawa. In da gaske kake, turo dattawa biyu da burodi, kamar yadda uban kowa ya yi. In na riƙe burodin, ka san amsa. In ya dawo, ka cinye abinka."

Na ce mata babu burodi a garin nan. Ta ce akwai garin alkama, akwai murhu, kuma tana ganin hannuwa biyu a jikina.

Dattawan da suka rage su ne Kuzma kurma da limamin. Sun yarda. Na gasa sau uku. Na ukun ya yi kama da tubalin da ya tsira daga gobara, amma shi za su kai gobe. Ki yi mini addu'a.

Ƙaninki,
Panas

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Burodin bai dawo ba. Limamin ya ce ta gutsura a gabansu, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce a gaya mini daga yau kada in ƙara kusantar murhu.

Panas