Kwaltar da Kuka Zuba wa Hanyar Baba

Roccaventa, 6 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Fulvio,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Graziella da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku da sanyin Toronto. Na ji an yi maka aiki a gwiwa, na kuma roƙi Fada ya sa ka cikin addu'a ranar Lahadi, don duk haushinka da nake ji ban kai ga yi maka fatan ciwo ba. Mu nan da sauƙi. Baba ya tashi daga ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi sati uku, yana cin taliyarsa, har ya koma yi mini faɗa a kan gishiri. Ɗanka, Tiziano nawa, yana can sansanin horo da ƙungiyarsa ta tseren keke, ya rame kamar kullum in lokacin tsere ya gabato.

To, gaisuwa ta ƙare. Na ƙi kiran ka a waya ne don na san halina, na kuma san naka: zan ɗaga murya, kai kuma ka ce layi ba kyau. Takarda ba ta da wannan dabarar. A ƙasan kwalin nan akwai wani baƙin abu naɗe cikin jarida. Kada ka buɗe sai ka gama karatu.

Ka tuna ranar da aka bayyana hanyar da babban tseren keke zai bi bana, tunda kai ma ka kira kana kuka. Duk garin muna cushe a shagon kofin Nunzia, muna kallon jan layi yana tafiya a kan taswira cikin talabijin. Da layin ya baro kwari ya lanƙwaso ya hau dutsenmu Colle Arso, tsohon makanike Ilario ya saki kofinsa ya fashe, Nunzia ba ta ko waiwaya ba. Shekara arba'in da ɗaya rabon tseren da garinmu. Mai sanarwa ya faɗa da bakinsa, kowa ya ji, cewa an zaɓi hawan ne saboda kilomita huɗun ƙarshe na burji, tsakuwa da ƙura, inda ake gane namiji. Tun daga ranar babu wata hira a garin nan. Ilario yana cewa ɗan Kolombiyan nan Arboleda ne zai ci tseren, wai huhunsa ya kai na alfadari. Mahauci yana ce masa, "Rufe mana baki, malam, yaron da ko iska ta busa sai ya faɗi?" Shi mahauci wani ɗan Beljiyam yake so. Suna zagin juna har a ƙofar coci, matansu na jan su.

Ni ban damu da wanda zai sa rigar ruwan hoda ta zakaran tseren ba. Ɗa ɗaya gare ni. Shekara goma sha biyu Tiziano yana wannan sana'a, kuma ka san aikinsa: ya koma baya wurin mota ya cusa gorunan ruwa takwas cikin riga ya kawo wa shugabansa, ya tare masa iska, in tayar shugaban ta fashe ya ba shi tasa ya tsaya a gefen hanya yana kallo. Bai taɓa ɗaga hannu a layin ƙarshe ba, ko sau ɗaya. Bana zai ajiye keke. Washegarin sanarwar, shugaban nasa Malaspina ya kira shi ya ce ranar Colle Arso tasa ce, ba gora ba tare iska, ya je ya ci a gaban kakansa. Tiziano ya san kowane rami a burjin nan, ya san inda tsakuwa ke zamewa a kwana ta tara da inda ƙasa ke da ƙarfi. Wa ya koya masa in ba Baba ba, wanda ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran hanyar da diga da shebur da baro? Muka gaya wa Baba. Ya tashi ya ɗauko kujerarsa ta katako ya sake mata ƙusa, don ya zauna a kai ranar tseren. Mutumin da likita ya ce mu gode wa Allah in ya ga bazara, sai ga shi yana ƙirga kwanaki a kalanda yana shan magani ba a roƙe shi ba.

Sai a tsakiyar Maris, Baba na kwance da zazzaɓi, ni kuma ban fita ko ƙofa ba, na ji gari na rawa. Manyan motoci ne suka wuce sama. Kwana huɗu kacal suka yi. Ilario ya kwanta a gaban motar daɓe, 'yan sanda biyu suka ɗauke shi kamar buhun dankali. Da na samu na hau, na tarar da baƙar kwalta sumul tun daga gadar ƙasa har ƙololuwa, har da farin layi a tsakiya, sai wari take yi. Na tsaya a kwana ta tara, ban ga tsakuwa ko ɗaya ba.

Bayan sati ɗaya mutumin masu shirya tseren ya zo duba hanya. Magajin gari Saverio ya sa kwat, ya ɗaura ƙyallen sarautarsa mai launi uku, ya tarbe shi da 'yan kaɗe-kaɗe. Mutumin ya fito daga mota, ya dubi ƙasa, ya dubi takardarsa, ya tambaya ko sun yi ɓatan kai ne, ina hanyar burjin? Saverio ya washe baki ya ce ai ita ce wannan, an gyara musu ita. Mutumin ya ce hawa mai kwalta suna da guda ɗari, kuma duk sun fi wannan tsayi. Ko abincin da aka dafa masa bai ci ba. Yanzu maganar da ake yi ita ce tseren ya bi babban titin kwari, shimfiɗaɗɗe, nesa da mu, su wuce cikin minti biyu, Tiziano kuma da gorunansa cikin riga.

Na je ofishin Saverio, ban ƙwanƙwasa ba. Na ce masa mutumin da bai san komai ba sai ƙwallo me ya kai shi taɓa hanyar keke? Ya sha jinin jikinsa, ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini takarda. Takardar ƙungiyar 'yan Roccaventa mazauna Kanada ce, mai hatimi da komai. Wai ba za ku iya ɗaga kai a cikin mutane ba in jirgi mai saukar ungulu ya nuna wa duniya garinku da hanyar awaki. Wai kun ɗauki nauyin aikin, a yi shi da sauri a ba gari mamaki. Sunaye talatin da biyu ne a ƙasa, Fulvio, kuma na farko naka ne, da wannan F ɗin naka mai wutsiya da na koya maka rubutawa a teburin girki.

Mamaki kam kun ba mu. Kai fa tun kana yaro kunyar ƙurar nan kake ji. Na tuna kana sauka kwari makaranta da tsumma a aljihu, kana goge takalmi a bakin gada kada a gane daga ina ka fito. Na ɗauka shekara arba'in a ƙasar mutane ta raba ka da wannan, ashe tsumman ne ya girma ya zama motar kwalta. Hanyar awaki? Hanyar da ta ciyar da kai, ta saya maka tikitin jirgin da ka tafi? Me zai hana ka ɗaga waya ka tambaye ni, ko ka tambayi yaron da ya san abin? Kuna zaune can kuna shan giya a ƙarƙashin hoton gari, kuna yanke wa mutanen da ke ciki hukunci. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, kuma wallahi wannan ne ya fi ƙona mini rai, don ba ni da inda zan kai ƙara. Da na gaya wa Tiziano a waya, ya ce ba komai Mama, ya saba. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Saura hanya ɗaya. Ranar dubawar, Ilario ya bi mutumin masu tseren har mota yana roƙo, shi kuma ya ce in an kankare kwaltar an mayar da tsakuwa kafin biyar ga Mayu zai dawo ya duba, amma bai yi alkawari ba. Akwai injin da ke yin wannan cikin sati, ɗan mahauci ya samo mai shi. Saverio ya kafe wai ba zai lalata kyautar 'yan ƙungiya ba sai da rubutaccen izininsu. Don haka ka bi mutanen nan talatin da ɗaya gida gida, da gwiwar taka, ka karɓo sa hannunsu kamar yadda ka karɓa da farko. Kada ka turo ta gidan waya. Ka kawo da kanka.

Mun ɓoye wa Baba komai, amma a garin nan ina ake ɓoye abu? Ranar Talata da hantsi na dawo daga sayen burodi na tarar gadonsa wayam, ɗakin kaya a buɗe. Na hau da gudu da silifa. A kwana ta uku na same shi, da hularsa ta aiki da tsohuwar digarsa, shekara tamanin da tara, yana sara. Ya ɓamɓare wuri kamar faɗin faranti, tsakuwarsa ta leƙo. Numfashinsa na fita da ƙyar. Na ce Baba don Allah mu koma gida, ya ce in matsa ina tare masa haske. Ya ce duk wanda ya yi wannan aikin bai taɓa taka hanyar da ƙafarsa ba. Ban gaya masa ko waye ba, na kuma gargaɗi duk garin cewa wanda ya faɗa zai gamu da ni. Tun ranar kullum sai ya hau, Ilario da mahauci sun bi shi da nasu digogin, suna sara suna musun Arboleda. Yanzu ka iya buɗe jaridar. Guntun farko ne da Baba ya ɓamɓare, rabonka ne.

Ka gaishe mini da Graziella, ka ce na ga hoton jikarta, hancin Mamanmu ne sak. Ka gaishe da Loredana da mijinta, da Ettore. Nunzia tana gaishe da Graziella, ta ce in faɗa maka ita kaɗai. Inna Filomena tana gaishe ku duka, don ita ba ta san komai ba.

Jiya da na kai wa Baba abinci can sama, na ga ya ɗauko diga ta biyu, wadda ya yi maka da gajeriyar ƙota kana ɗan shekara sha huɗu, ya jingine ta a jikin dutse. Na ce ta wa ce? Ya ce ta Fulvio ce, ki rubuta masa, in ya ji abin da aka yi wa hanyarmu ba zai iya zama ba. Ya ce yaron nan yana da ƙarfin baya, da yana nan da tuni mun kai gada. To, ga shi na rubuta.

Yayarka, wadda har yanzu take gyara maka gado,
Ornella